Fankar Baba Mai Aski

Baba mai aski bai taɓa kashe fankar shagonsa ba sai bana. Tun da aka ɗora shi a kan maganin bugun zuciya, zuciyar ta daidaita, amma jikin ya koma kamar na aro. Ana zafi kamar a gasa mutum, shi yana cikin rigar sanyi. Fuska ta kumbura, murya ta dushe, almakashin da a da yake rawa a hannunsa ya koma tafiyar hawainiya.

Masu zuwa aski suka fara zamewa. Wa zai zauna cikin tanda, da ƙyalle ɗaure a wuya, mai askin yana hamma?

Babban ɗansa ya ce, "Baba, tsufa ne. A ba da shagon haya, ka huta."

Maganar ta tsaya masa a rai. Da kujerar askin nan ya raini yaron.

Tela maƙwabcinsa, wanda ba ya raga masa, ya leƙo yana fifita da kwali. "Kai tsoho, burodi kake gasawa? Na girme ka fa, ga ni sharkaf da zufa. Ka gaya wa likitanka?"

"Likitan zuciya ne. Zuciya ya tambaya, na ce lafiya lau. Ana kai wa mai gyaran agogo takalmi?"

"In agogon da takalmin jiki ɗaya suke, ana kaiwa."

Don dai Tela ya ƙyale shi, ya je asibiti. Aka ɗebi jini. Likita ya ce, "Baba, akwai wata 'yar halitta a gaban wuya, ita ke hura wutar jiki. Maganin zuciyar nan yakan rage mata ƙarfi a wasu mutane. Kada ka daina shan sa da kanka. Ga ƙaramar ƙwaya, kullum da safe kafin ka ci komai, sannan ka dawo mu sake auna jinin."

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Sai wata rana da hantsi, yana tsakiyar aski, ya ji zufa tana bin bayansa. Ya tuɓe rigar sanyin, ya rataye a ƙusa, ya murɗa fanka.

Ranar da ɗan ya kawo mai son hayar shagon, benci ya cika, Tela yana kan kujera ana kankare masa sanƙo.

Baba bai ko ɗago ba. "In aski ne, ku bi layi."