Wanda Ya Tsaya Masa

Mijina direban babbar mota ne, kuma a wurinsa ƙasar waje sai an hau jirgi. Iyakar da yake ƙetarewa da lodin siminti tun kafin aurenmu ba ya sa ta cikin tafiya. "Tsallake" kawai yake ce mata, kamar mai zuwa bayan layi.

Da birki ya ƙwace masa ya buge wani mai babur, aka kai shi kotu, mahaifina ne ya tsaya masa aka ba da beli. Alƙali ya ce kada ya fita ƙasar waje sai an gama shari'a. In kuma ranar zama ta zo ba a gan shi ba, wanda ya tsaya masa za a riƙe. Baba ya sa hannu yana dafe da gwiwarsa mai ciwo.

Gogan naka ya zauna a gida yana kwance fankar da lafiyarta ƙalau yana mayarwa. Ran nan na dawo daga kasuwa na tarar yana cusa tawul a jaka.

"Ina kuma za ka?"

"Tsallake. Mai mota ya ce in ban tashi yau ba, wani zai ba makullin."

"Ba ka ji abin da alƙali ya ce ba?"

"Ƙasar waje ya ce. Kin ga na riƙe tikitin jirgi? Wurin da masu tsaron shingen har sunan 'yata sun sani?"

Na yi magana har bakina ya bushe. Ya ce kafin ranar kotu ya dawo har ya yi aski. Na gaji, na zauna bakin gado ina kallonsa yana neman takalmi.

Ana jibi zama aka rufe iyakar, babu shiga babu fita. Ya kira ni, muryarsa ta yi sanyi.

"Wallahi daga nan ina hango rumfar mai facin da nake tsayawa. Sun ce ko ƙafa ba zan sa ba."

"To, ka gano inda ƙasar waje take," na ce. Ko daɗin faɗar ban ji ba.

Da safen ranar zaman na gaya wa Baba. Bai yi faɗa ba, ni kuwa da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce in goge masa riga, sannan na ga ya zuba maganin gwiwarsa duka a aljihu, har da na dare.

A kotu muka zauna a benci na baya. Magatakarda ya kira sunan mijina, ya dubi ƙofa, ya sake kira.

"Wa ya tsaya masa?" in ji alƙali.

Baba ya dogara sandarsa zai miƙe, gwiwar ta ƙi. Ya sake gwadawa. Sai ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Taimaka mini, 'yar nan. Ni ake kira."

Ni na ɗaga shi.