Yarinyar da Aka Binne Kafin a Haife Ta

Doreen ta hango sunan da aka soke tun kafin ta cire rigar sanyinta. Ƙanenta Clive Garside ya baza takardun littafin tarihin danginsu a teburin kicin, gobe za a kai wa masu bugawa, ga shi ya ja layi a kan Tabitha, 'yar Enoch masaƙi.

"Wa ya ce ka taɓa min yarinyar nan?"

"Haba Yaya, ki sha shayi tukuna. Duba kwafin rajistar cocin da kanki. Baftisma a Nuwamba 1738, jana'iza a Fabrairu 1738. An binne ta wata tara kafin a haife ta! Ko dai limamin cocin ya yi tatul da giya ranar, ko babu ita sam. Ba zan sa shirme a littafina ba."

Littafinsa, wai. Shekara goma sha huɗu Doreen tana hawa bas zuwa ma'ajiyar tsofaffin takardun gunduma, tana kashe idonta a kan tawadar da ta koɗe. Shi kuwa bara ya yi ritaya, ya sayi kwamfuta, ya wayi gari masanin tarihi. Ranta ya ɓaci matuƙa.

Ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka iya tambaya ba. A zamaninsu sai ashirin da biyar ga Maris shekara ke sabuntawa. Fabrairu bayan Nuwamba yake zuwa, cikin shekara guda. Ƙirga mana, malam mai kwamfuta. Sati goma sha ɗaya ta yi a duniya, a tsakiyar sanyi."

Clive ya ƙirga da yatsu, kunnuwansa suka yi ja. Amma shi ba a kayar da shi ya yarda ya faɗi.

"To na ji. Sati goma sha ɗaya fa, Yaya. Ba ta yi aure ba, ba ta bar baya ba, shafin kuma ya cika. Wa zai neme ta?"

Doreen ta jawo shafin ƙarshe, na waɗanda ke raye, ta lalubo sunanta. A ƙarƙashinsa Clive ya buga kalma huɗu: ba ta haihu ba. Alhali a 1974 shi da kansa ya tuƙa motar da ta kai ɗan farin akwatin gawar jaririnta maƙabarta, ita tana kwance a asibiti.

Ta tura masa takardar.

"Kwana tara ɗana ya yi. Shi ma shafin ne ya cika?"

"Wallahi na ɗauka ba kya son a tuna miki."

"Ka taɓa tambayata? Shekara hamsin ba wanda ya ambace shi a gidan nan. Mayar da Tabitha. Shi ma rubuta sunansa yanzu, a gabana."

Clive ya ɗauki biro, ya sunkuya a kan takardar. Ya daɗe a haka bai rubuta komai ba. Sai Doreen ta gane ya manta sunan.