Wanka Kafin Ganin Likita

"Wa ya ce ta yi wanka?" nas ɗin ta tambaya, ta dangwarar da biro.

"Ni," in ji Tsohon Direba, yana gyara hula. "'Yata ce. Sai in kawo ta gaban likita jina-jina, kamar ba ta da gata?"

Mutumin da ya shekara arba'in yana jan tirela, ta kife da shi sau uku ya fito da ƙafarsa, ai ba a koya masa jinyar rauni. Da 'yarsa Auta ta shigo gida da safe, mijinta ya fasa mata baki, tsohon da kansa ya sa aka gasa mata jiki da ruwan zafi, aka yanke mata farcen da ya karye. Yagaggiyar rigar kuwa aka wanke ta tas, tana can a kan igiya.

Nas ɗin ta ce, "Baba, alƙali shaida yake so. Rigar nan shaida ce. Abin da ke ƙarƙashin farcenta, da ta yakushe shi, shaida ne. Duk kun wanke!"

"Shaida? Ba ga ni ba? Ni da na..."

"Ba ku aka doka ba, Baba."

Ikon Allah! Yarinyar da ya yi jika da ita. Amma ya haɗiye, don ya san in babu takardar likita, mijin zai rantse a bayi ta zame, ya kwashe yaran.

Likita ta shigo da kyamara da ɗan ma'auni, ta tambayi Auta ko ta yarda a duba ta, kuma wa take so ya tsaya.

"Baba, ku ɗan jira a waje," in ji Auta.

Shi! A waje! Awa biyu yana kan benci yana tsaki, har wani mai bandeji da ke kusa da shi ya canja wuri.

Da Auta ta ce a kira shi, likita ta ɗaga hoton ƙirji.

"Ruwa ba ya wanke komai da komai. Akwai shatin yatsu a wuyanta. Wannan kuma haƙarƙari biyu ne, sun karye sun ɗinke da kansu. Ya kai shekara biyu."

Shekara biyu. Lokacin da ta zo tana dafe da gefen ciki, shi da kansa ya mayar da ita ɗakinta, yana ba ta haƙuri har ƙofa.

Ya miƙa hannu zai karɓi takardar. Auta ta riga ta ninke ta.

"Ni zan riƙe, Baba."

"To," ya ce, ya matsa mata ta wuce gaba.