Abin da Inna Ta Gaya wa Baƙuwa

Ranar da labari ya bazu cewa Yasmin ta samu tallafin yin digirin dakta a ƙasar waje, Saude tana ɗakin malamai a makarantar da take koyarwa a Roni. Ta karanta saƙon, ta kife wayar, ta ci gaba da duba jarrabawa har biro ya huda takardar wata ɗaliba.

Ita ta fara gano tallafin nan. Kuɗin makaranta, na jirgi, na ci da sha, duk an ɗauke wa mutum, nasa kawai ya kwatanta yadda zaman jama'a ke sauyawa a wurare biyu. Ta nema, aka ba ta haƙuri. Ta sake nema, aka sake ba ta haƙuri. Ita da ta yi jami'a da takalmi ƙafa ɗaya, ta kuma fito da sakamakon da ya fi na Yasmin! Yau ga 'yar gidan Alhaji Na'Allah na Kazaure, wadda ba ta taɓa tatsar saniya ba, za ta rubuta littafi a kan matan Fulanin da suka bar yawon kiwo suka zauna, na Gwiwa da na hayin Babura cikin Nijar.

Da shekara ta zagayo Yasmin ta dawo tattara bayanai, ta iske ta har makaranta.

"Ƙawata, ke ce gatana. Ki kai ni wajen Innarki, ki yi mini tafinta. Fulatancina bai wuce gaisuwa ba."

"To, Dakta. Jakar ma in riƙe miki?"

"Haba Saude."

"Zan kai ki," in ji Saude, tana murmushin da bai kai ciki ba.

Ta san abin da ta taka. Ita 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa zama hira da ita ba. Tun tana ƙarama aka miƙa ta riƙo wajen goggonta a Kazaure. Lokacin da take shirya nata binciken ta zo da tambayoyi, Inna ta miƙe ta ce za ta duba maruƙa. Bari 'yar birni ta sha rana, ta koma hannu rabbana.

Sai ga shi, da suka je, Inna ta shimfiɗa wa baƙuwa sabuwar tabarma a gindin ɗorawa, ta dama fura, ta buɗe baki kamar an ɓalle dam. Ta faɗi shekarar da shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar mashaya. Ta faɗi yadda ta sayar da ƙoren jerenta, da yadda matan ƙauye suka yi mata dariya ranar da ta fara riƙe fartanya. Saude tana juyawa zuwa Hausa. Wannan gadonta ne, kuma da bakinta take auna wa wata shi, mudu bayan mudu. Yasmin sai rubutu take, tana "Ikon Allah! Inna, ci gaba."

"Tambaye ta wane irin gero suke shukawa yanzu," in ji Yasmin.

Saude ta buɗe baki, sai wata tambayar ta fito da Fulatanci. "Baƙuwa ta ce, da aka ɗauke 'yarki ta fari aka kai birni, kin taɓa neman ta?"

Inna tana jin Hausar kasuwa, ta kuma ji an ambaci gero. Ta daɗe tana juya ludayi a ƙwarya. Sannan ta ɗago, ta kalli Yasmin, ita kaɗai.

"Akwai kasuwanni kusa da mu," in ji ta, "amma Kazaure nake kai nono. In na sayar, sai in hau dutsen da ke bayan makarantarsu in zauna. Waccan yarinyar ita ke fitowa ƙarshe, kanta a sama, kamar ita ta gina ajin. Wata rana na ga ta yi tuntuɓe, gwiwa ta fashe, ta tashi ba ta yi kuka ba. Ni na yi mata, a hanyar gida."

Saude ta dafe tabarma. Tabon yana nan a ƙarƙashin zanenta.

"Me ta ce? Na ji ta ambaci Kazaure."

"Ta ce maiwa suke shukawa."

A tasha, suna jiran mota, Yasmin ta ce, "Saude, ba yarinya ba ce ni. Maiwa ba ta sa mutum share ido da gefen mayafi. In ba za ki ba ni duka ba, in nemi wata tafinta."

"Nemi mana."

"Kin tabbata?"

In babu baƙuwa a kan tabarmar nan, Inna za ta koma duba maruƙa har abada. Yasmin ta samu tallafi, ta samu jirgi, yanzu kuma kunnenta ne kaɗai ƙofar da za a bi a ji Inna. Saude ba ta taɓa jin haushin Yasmin kamar yau ba.

"Labarin shanu da noma naki ne, ba zan rage miki ko ƙwaya ba," in ji ta. "Amma duk zuwa, tambaya ɗaya tawa ce, kuma ba ta shiga littafinki."

Yasmin ta dube ta. "Shi ke nan. Yaushe za mu koma?"

"Asabar, Dakta. Kuma ke za ki riƙe jakarki."