Taku Goma

Sammani ya miƙa wa Haladu mai caji wayarsa ta saman tebur. Ƙarar janareta ta sa sai da ya ɗaga murya.

"Saura ƙiris ta mutu. Kwana biyu ba wuta a Sabo, a asibiti kuma mutum goma ne a kan soket ɗaya."

Haladu ya manna mata lamba, ya jona ta cikin wayoyi kusan hamsin da ke jere a kan katako. "Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Jiya har ta sha kunu."

"Kana da mara lafiya, ka bar waya ka shiga karar shanu?"

Sammani ya janye hannun rigarsa, ya nuna masa wani baƙin agogo mai fuska kamar ta waya. "Ai ga wannan. Ko wa ya kira ni, a nan zan ji. Motsi yake yi a jikin fata."

"Ikon Allah! Ni da nake kwana cikin wayoyi ban taɓa ganin irinsa ba. Malam Sammani an zama Bature."

'Yarsa Mardiya ce ta saya masa, da kuɗin ɗinkinta, a wani shago a Mokola. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai Uwata. Shekararta goma sha tara, kuma tun tana goye take fama da sikila. Duk sanda ciwon ya taso sai a yi ta neman Sammani ba a samu, domin dillalin shanu ne a karar Akinyele. Ga kukan dabbobi, ga ihun masu lodi, waya na can ƙasan aljihu, hannu kuma duk igiya da kashin shanu. Ranar da ta ɗaura masa agogon ta ce, "Baba, abeg, yanzu ba ka da hujja. Amma kada ka raba shi da wayar. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai." Ya yi dariya, ya ɗauka irin zolayarta ce. Wata huɗu ke nan agogon bai taɓa ba shi kunya ba. Wata huɗu ke nan kuma wayar ba ta taɓa barin aljihunsa ba.

Yau kwananta uku a asibiti. Bai so fitowa ba, amma tirelar baƙonsa Alhaji Babandi ta iso daga Arewa da asuba, kuma baƙo ba ya sayar da shanu sai da dillalinsa. Mardiya da kanta ta kore shi. "Je ka, Baba. Kallon da kake min ya fi allurar zafi. Ka taho min da agwaluma, mai zaƙi, ba irin wadda ake yi maka wayo ba." Matarsa Fadimatu ta ce in an ga wani canji za su kira.

Ya kutsa can ƙarshen kara inda aka sauke shanun. Ana ciniki da mahauta Yarbawa, wannan ya taya, Sammani ya ce albarka, wancan ya ja shi gefe, amma duk bayan 'yan mintuna sai ya kai ido wuyan hannunsa. Shiru.

Ƙarfe goma sha biyu daidai agogon ya girgiza. Ya duba da sauri, sai ya ga rubutun da Mardiya ta saka a cikin agogon tun ranar farko, wanda ke fitowa kullum a wannan lokaci: Baba, maganin hawan jini.

Ya sauke ajiyar zuciya. Agogo dai yana aiki. Tunda yana aiki kuma bai kawo kira ba, to lafiya ce. Ya laluba aljihu, ya tarar ya baro ƙwayoyin a gida.

"Sammani, yau rabinka ne kawai a kasuwar nan," in ji Alhaji Babandi. "Tafi wurin yarinya. Bijimai uku ne suka rage, ba gudu za su yi ba."

"Da da wani abu da na ji, Alhaji. Bari mu ƙarasa."

Da azahar ya cire agogon zai yi alwala, ya sa shi cikin hularsa a gabansa, yana wanke ƙafa yana kallonsa. Bayan an sayar da bijimi na ƙarshe ya tsaya wurin wata mai tire, ya zaɓi agwaluma shida, yana matsa kowace a hankali yadda Mardiya ta koya masa. Ana kiran la'asar ya nufi bakin ƙofa.

Saura kamar taku goma ya isa teburin Haladu, agogon ya girgiza. Kafin ya ɗaga hannu ya sake girgiza. Ya sake. Ya ci gaba ba ƙaƙƙautawa, kamar an ɗaure masa wani abu mai rai a hannu.

Kiran Fadimatu, sau goma sha bakwai. Na ɗansa Abbas, sau tara. Sai saƙonnin Abbas suka riƙa hawa ɗaya bisa ɗaya, kowanne da lokacinsa a gefe.

12:40. Baba jikin ya tashi, ka zo.

1:15. Na tafi neman jini. Ka ɗauki waya don Allah.

2:05. Baba kai take kira.

3:20. Baba kada ka zo asibiti. Ka wuce gida.

Haladu ya ajiye abin da yake yi. "Malam, lafiya? Ai tun ɗazu nake ganin wata waya tana haske a cikinsu, ban san taka ba ce. Janaretan nan..."

Sammani bai ji sauran ba. Ya juya ya dubi inda yake tsaye sanda abin ya fara, ya dubi teburin. Ashe sai agogon yana kusa da wayar yake kawo kira. Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Ɗan okadan da ya ɗauke shi bai tambaye shi komai ba. Sai da suka maƙale a cunkoson Ojoo ɗan okadan ya ji bayansa ya jiƙe da hawaye, ya ɗan waigo. "E pele, Baba," ya yi masa sannu da Yarbanci, ya hau gefen titi.

Tun daga bakin layi ya hango tabarmi a ƙofar gidansa. An riga an yi mata wanka, shi kaɗai ake jira. Aka kai ta kafin magariba.

Da ya shiga ɗaki, Fadimatu na zaune a bakin gado da tasbaha. Ba ta ɗago ba.

"Ba ta sha wahala sosai ba, Malam. Tana dai cewa, 'Umma, sake kira. A hannunsa yake, zai ji.' Har ƙarshe haka take cewa."

Ya zauna a ƙasa. Wani abu ya tokare shi a cinya. Ya zaro ledar agwaluma, biyu sun fashe, ya ajiye a kan keken ɗinkinta.

Washegari ana zaman makoki, 'yan kara sun zo, 'yan goro sun zo, har da mahautan jiya. Ana tsakar addu'a agogon ya girgiza. Ƙarfe goma sha biyu. Sammani ya zuba wa rubutun ido har fuskar agogon ta dushe.

Abbas, da ke kusa da shi, ya gani. Ya sunkuyo. "Baba, kawo in cire maka. Ko in goge saƙon kawai. Minti ɗaya ne."

Sammani ya ja hannun rigarsa ya rufe agogon.

"Bar shi," ya ce. "Shiga ka karɓo min ruwa. Ka ce wa ummanku ƙwayoyin suna kan taga."