Rijiyar Barau ta Huɗu

A shekarar farin nan ta 1973, Barau mai haƙar rijiya ya haƙa rijiya uku a yammacin Gafasa, duk ukun kuwa dutse ya tarar. Gaba goma, gaba sha biyu, sai diga ta yi ƙara ta dawo masa a kafaɗa. Shekararsa hamsin da biyar, talatin daga ciki a rami ya yi su, amma bai taɓa jin gajiya irin ta wannan rani ba. Ƙanensa Hamma ne ke ja masa kwandon ƙasa daga sama, shi ma ya daina magana, sai dai ya ja ya zubar.

Matan unguwa kuwa tun asuba suke fita da tuluna, ba sa dawowa sai rana ta take. Matarsa Barira na cikinsu. Ba ta taɓa ce masa komai ba, sai dai in ta sauke tulu ta daɗe zaune kafin ta iya miƙewa.

Ranar da ya bar rami na uku, yana zaune a bakin kududdufin da ya ƙafe, sai ga Ɗahiru a kan keke. Ɗan yayansa marigayi ne, yana koyarwa a makarantar Gaya, bai daɗe da dawowa daga ƙarin karatu a Zariya ba.

"Baffa, sannu da aiki. An ce an sake cin karo da dutse."

"An sake," in ji Barau. "Ƙasar nan ta rufe mana ƙofa."

Ɗahiru ya jingine keke ya tsuguna. Ya sa hannu ya ɓamɓaro wani falle na busasshiyar laka, ya nuna masa yadda ƙasan kududdufin ya tsattsage.

"Baffa, abin da aka koya mana ke nan. Doron duniya ba guda ɗaya ba ne, falle-falle ne kamar wannan, kuma tafiya suke yi a hankali, kamar tsiron farce. Tun kafin a yi mutane, fallayen suka ja suka rabu, ƙasar da ke gabas da mu har Barno ta lotsa ta zama kwari. Yashi da yumɓu suka cike kwarin, ruwa ya kwanta a ciki. Wajen Kano kuma dutsen na nan kusa da sama. Mu a baki-baki muke. In kana haƙa yamma, dutsen kake bi."

Barau ya dube shi, ko ƙarfin dariya ba shi da shi.

"Ɗahiru, shekara talatin ina cikin ƙasar nan, ban taɓa jin ta motsa ba."

"Ba a ji, Baffa. Ikon Allah ne, ba ya gaggawa."

"To ta tafi mana da ruwan ke nan?"

"Ba ta tafi da shi ba. Gabas ta ajiye shi."

Maganar tafiyar ƙasa ba ta shiga kan Barau ba, amma ya san abu ɗaya da hannunsa: duk rijiyar da ya taɓa haƙawa wajen Toranke, can gabas, yashi ce mai zubowa, sai an sha wahalar ɗaure ta, dutse kuwa bai taɓa gani ba. Bai taɓa tambayar dalili ba.

Da Barau ya nemi a haƙa ta huɗu a gabas, dagaci bai so ba, domin ta yi wa unguwarsa nisa. Sai da Barau ya ce in ba can ba, shi ya ajiye diga, sannan aka ba shi gefen wata gona da aka bari.

Kwana arba'in da biyu suka yi. Marmara, jan yashi, farin yashi, yumɓu mai danƙo. A gaba sha biyar bango ya zubo ya binne shi har ƙugu, Hamma ya tara mutane aka zaro shi da igiya. Ya kwanta kwana uku, ya koma. A gaba ashirin da ɗaya ya ji sanyi a tafin ƙafa. Ya tsaya yana kallon yashin yana yin duhu, ruwa na tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Bai yi kabbara da ƙarfi ba. Ya girgiza igiya kawai.

Ruwan ba shi da yawa. Guga ashirin ya ƙafe, sai a jira. Amma ya riƙe unguwa biyu har damina ta faɗi.

Ɗahiru ya zo da taswira mai launi zai nuna masa inda fallayen suka rabu. Ya same shi kwance a zaure, Barira na gasa masa baya da tsumma da ruwan zafi.

"Ajiye ta can, ɗana," in ji Barau. "In na iya zama na gani."

Ciwon bayan bai sake barinsa ya shiga rami ba. Hamma ya karɓi digar, shi kuma ya koma saƙar igiya a ƙofar gida.