Rabon Gandun Baba

Tun da mahaifinsu ya rasu Fatihu, autansu, yake roƙon a raba gandu, wansa Munzali kuwa yana ta ja masa rai daga Takoma Park, can gefen birnin Washington. Yana da hujjarsa. Aikinsa a Washington nazarin hotunan gonaki ne da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa, ga shi a Bulgeriya ya yi karatun noma yana saurayi. A can ya tsinki tuffa a gonar haɗin gwiwa wadda ido ba ya kai ƙarshenta. Da kwaminisanci ya rushe aka mayar wa jikoki filayen kakanninsu, aka yayyanka ƙasa siri-siri kamar sawayen masaƙa. Magadan suna birni. Magudanar ruwa ta rasa mai yashe ta, shekara da shekaru yana kallon ƙaya tana cinye wurin a kwamfuta, zuciyarsa na ƙuna.

Wata Asabar da hantsi ya nuna wa matarsa Sailuba hoton wurin, tana ɓare tafarnuwa.

"Kin gani? Haka Fatihu ke so a yi wa gonar Baba."

"Na gani, Sarkin Noma," ta ce da dariya. "Yaushe rabonka da fartanya? Tumatirin baranda ma ni ke ba shi ruwa."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma, Baban Afnan. A gandun nan wa ke duƙawa? Fatihu. Makullin rumbu fa? Yana aljihun Yaya Ɗanliti. Mutum har ya fara furfura bai taɓa shuka abin da ransa ke so ba."

Munzali ya sake duban hoton. Sai ya tuna manoman babbar gonar nan ta Bulgeriya, yadda suke jan ƙafa duk wuni, da yamma su ruga ɗan lambun bayan gida suna lallaɓa ƙasa kamar jaririya. Hotunansa ba su taɓa nuna masa wannan ba.

Ya kira babban wansu Ɗanliti a waya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Yaya, a kira malam da mai unguwa a raba. Amma kada igiyar awo ta hau kan rijiya da hanyar shanu, su zauna na kowa."

"To kasonka fa? Jirgi za ka riƙa hawowa kana mana noma?"

"A ba Fatihu aro, ya haɗa da nasa."

Ɗanliti ya yi ajiyar zuciya.

"Allah ya sa haka ya fi alheri. Ga Fatihun nan ya shigo, faɗa masa da bakinka."